Giya mai rai a Baƙar Ƙasa

Mutanen Ingila sun raba giyarsu gida biyu, akwai wadda suke cewa mai rai ce, akwai matacciya. Matacciyar ita ce irin wadda ake saidawa a mashayun Yamai da Maraɗi, ta cikin kwalba ko gwangwani. An tace ta tas, an gasa ta da zafi bisa hanyar nan ta Pasteur da mushe ya koya mana a kwaleji, sannan an ɗura mata iskar gas don ta yi kumfa in an buɗe. Tana iya wata da watanni a kanti ba ta sake ba. Mai ran kuwa ba a kashe yis ɗinta, ana zuba ta cikin tano tana kan aiki, ta je ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da za a sha ta. In aka fasa tanon, kwana uku gare ta, in ta yi ƙoƙari huɗu, daga nan sai tsami.

Na san tun daga kan take wasu ƴan ƙungiyarmu sun ɗaure fuska. Ku yi haƙuri ku ƙarasa. Ni ba musulmi ba ne, abokaina na fada sun san haka, kuma shekara huɗu muna shan shayi tare ban taɓa miƙa ma wani abin da addininshi ya hana ba. Wannan rubutu ma ba talla ba ne. Dalilinshi wata tsohuwa ce da ke wani ƙauye a jihar Maraɗi, wadda ta haifi babana, kuma za ku ji inda ta shigo.

Na samu burs na wata uku zuwa Birmingam don ƙaro Ingilishi, aka sauke ni gidan wani dattijo da matarshi ta rasu, ƴaƴanshi kuma duk sun watse. Baba nake ce mashi, tun yana dariya har ya saba. Fiye da shekara talatin ya yi yana aikin narkar da ƙarfe a yankin da ke yamma da Birmingam, wanda suke kira Baƙar Ƙasa saboda gawayin kwal da hayaƙin masana'antun da suka rufe shi a da. Sai da na yi sati uku a gidan kafin ya tambaye ni, shi ma a kaikaice, ko addinina ya yarda da shan giya. Ya ɗauka duk wanda ya fito daga Nijar musulmi ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Da na ce mashi nakan taɓa kaɗan ranar biki, sai fuskarshi ta washe, ya ce to ranar Asabar in shirya, zai kai ni gidan Ma Pardoe.

Muka hau bas zuwa Dudley, daga can muka sake wata zuwa Netherton. Gari ne ƙarami a kan tudu, gidajen jan bulo manne da juna, sama ta yi toka-toka, ga wani yayyafi da ba ya jiƙa mutum sai dai ya shige mashi ƙashi. Kafin mu shiga mashayar sai da Baba ya tsayar da ni gaban wani ƙaton ƙugiyar jirgin ruwa da aka girke a tsakiyar gari. Ya ce kwaikwayo ne na ƙugiyar jirgin Titanic, ta ainihin a nan Netherton aka ƙera ta a 1911, kuma dawaki ashirin suka ja ta zuwa tashar jirgin ƙasa. Garin da teku bai ko kusa da shi, amma a da sarƙa da ƙugiyar jiragen duniya a nan ake yin su. Ya ce in riƙe wannan a raina, don giyar da za mu sha ta maƙera ce.

Sunan gidan a allo The Old Swan, da hoton wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Amma ba wanda ke kiran shi haka. Kowa Ma Pardoe yake cewa, wato kamar mu ce gidan Inna wance. Doris Pardoe da mijinta ne suka karɓi gidan a 1931, mijin ya riga ta, ita ta ci gaba da riƙo har ta rasu a 1984. Shekara arba'in ke nan da wani abu tana ƙasa, amma direban bas ma in ka ce mashi Ma Pardoe ya san inda zai sauke ka.

Ɗakin gaba ba shi da girma. Abin da ya fara ɗaukar ido rufin ne, farantan ƙarfe masu fenti irin na kwanon tasa da iyayenmu ke jerawa a ɗakin amarya, da hoton tsuntsun nan a tsakiya. Akwai tsohon murhun ƙarfe mai bututu, da wani sikelin awon mutum na zamanin da. Benci ne jikin bango da ƴan kujeru marasa jingina. Ba kiɗa, ba telebijin, ba hayaƙin taba tunda an hana shan ta cikin irin wuraren nan tun 2007. Muryoyi kawai ke tashi, da karin harshen Baƙar Ƙasa wanda duk Ingilishin da na koya a jami'a bai kama rabinshi ba. Tsofaffi sun fi yawa, wasu da matansu, wani da karenshi kwance a ƙafa. Wata mata tana cika kacici-kacicin jarida ita kaɗai da rabin kofi a gabanta, ba wanda ya ko dube ta.

Ba mai zuwa tebur ya tambaye ka me kake so. Kai za ka tashi ka je kanta, ka faɗa, ka biya nan take, ka ɗauko da hannunka. A kan kantar akwai wasu dogayen hannuwa a jere, kowane da ɗan allo mai sunan giya. Famfo ne, irin na forajin ƙauye sak, sai dai ƙarami. Mai sayarwa ta kama hannun ta jawo shi a hankali zuwa ƙirjinta, ta maida, ta sake jawowa, giyar na hawowa daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin damtsenta kaɗai. Ba gas ɗin da ke turo ta. Mudun awonsu shi ne fayint, mililita 568, ya ɗara rabin lita kaɗan, kuma akwai rabinshi ga wanda ba ya son da yawa.

Baba ya ce mata baƙo ne daga Afirka, bai taɓa sha ba. Sai ta ɗauko wani ɗan ƙaramin kofi ta ɗiga mani kaɗan, ta ce in ɗanɗana tukuna, in ta yi mani sannan in saya. Nan gabana ya faɗi. Na tsaya riƙe da kofin har Baba ya taɓa ni ya ce lafiya. Abin da ya faru shi ne, wannan ɗan ɗanɗanon na san shi tun ina shekara biyar. Haka Kaka ke yi. Duk wanda ya shigo zauren bayan gidanta ranar kasuwa, kafin ya fiddo ko dala sai ta ɗebo mashi kaɗan a ƙaramin ƙoƙo, ya kurɓa, ya juya baki, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Giyar da ke da rai yau ba kamar jiya take ba, dole mai saye ya ji da bakinshi. Kwalbar kamfani ba ta buƙatar wannan, ta bara da ta bana duk ɗaya ne.

Rabi-rabi na sha, kala uku, cikin wajen awa uku, da burodi mai cuku da ɗanyar albasa a tsakani. Ta farko suna ce mata Original, ruwan zinariya, mai sauƙi, ƙarfinta bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Abin da ya fara ba ni mamaki rashin sanyinta. Mu a nan in kwalba ba ta fito daga firijo tana zufa ba ai maida ta ake. Wannan kuwa sanyin randa gare ta, irin na ruwan da ya kwana a inuwa da hunturu. Baba ya ce haka ake so, tsakanin digiri 11 da 13, don ƙanƙara na kashe harshe, kuma kamfanin da ke son ka sha giyarshi da sanyi ƙarara akwai abin da yake ɓoyewa. Ba ta tsinken hanci da gas, tana wucewa lumui. Da farko ɗan zaƙi kamar ɓawon burodi, can baya kuma ɗaci mai ƙamshi ya biyo ya zauna a maƙogwaro. Ɗacin nan daga furen wata shuka mai yaɗo yake, hop suke kiranta, ana noma ta a Kent da kuma Hereford da Worcester da ke nan kusa da su. Hatsin kuwa sha'ir ne.

Ta biyu, Dark Swan, baƙa ce kamar shayin da ya daɗe a wuta, ɗacinta kaɗan, tana da ɗanɗanon abin da aka soya ya kusa ƙonewa, kamar gyaɗa marau-marau da ɗan kafe. Ita ce irin wadda suke kira mild. Baba ya ce ita ce ta maƙera da masu haƙar kwal. Mutum ya yini gaban wutar narkar da ƙarfe, ruwan jikinshi ya ƙare, ba ya neman abin da zai kada shi, yana neman abin da zai maida mashi ruwa da ɗan zaƙi. Ya ce ubanshi kan sha kofi huɗu a tsaye bayan aiki ya tafi gida garau. Masana'antun sun rufe, masu shan ta sun tsufa, yanzu gidajen da ke ajiye ta ba su da yawa. Ita ta fi yi mani, watakila don ta fi kusa da abin da hancina ya sani.

Ta uku Bumblehole, sunan wani fili ne mai hanyoyin ruwa a gefen garin. Ta fi sauran ƙarfi, ta haura kashi 5, kuma rabin kofin ma ban ƙarasa ba, Baba ya taimaka.

Duka ukun a bayan gidan ake dafa su, cikin wani dogon gini da ke tsakar gida. Wannan shi ne abin alfaharin wurin. A da kusan kowace mashaya a yankin haka take, mai gida ya dafa a baya ya sayar a gaba. Zuwa farkon shekarun 1970 gidaje huɗu kaɗai suka rage a duk Ingila masu yin haka, na Ma Pardoe na cikinsu. Sauran manyan kamfanoni shida ne suka haɗiye mafi yawansu, suka cika ƙasar da giyar gas wadda ba ta lalacewa, ba ta kuma buƙatar mai gida ya iya komai sai murɗa famfo.

Da na tambayi me ake buƙatar iyawa, sai Baba ya gyara zama, don ya taɓa aikin ɗakin ƙasa a wata mashaya yana saurayi. Ya ce tanon da aka fi amfani da shi yana cin galan tara, wajen lita 41, kofi 72 ke nan. In ya iso sai a kwantar da shi a kan gado, a bar shi ya huta kada a motsa. Akwai wani abu da ake zubawa a ciki da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, shi ke jan yis da gurɓatar zuwa ƙasa har giyar ta yi garau ba tare da an tace ba. A saman tanon akwai ƴar kafa, sai a soka mata tsinken itace mai laushi wanda iska ke iya bi, don gas ɗin da yis ke haifarwa ya rage. In ta lafa a sauya da tsinke mai tauri. Sannan a ɗauko guduma a buga famfo a bakin tanon da bugu ɗaya, in hannunka ya yi rawa ka yi wanka. Kullum da safe a ɗebo a duba a haske, a sansana, a kurɓa. In ka fasa da wuri ɗanya ce, in ka makara ta wuce. In ka fasa tano da yawa ranar da ba mutane, asara ce taka. Yana magana yana kwatantawa da hannu, wani tsoho a benci na kusa ya sa baki ya ce ba haka ake soka tsinken ba, suka yi ta musu kamar masu gardamar kokowa.

Abin da ya hana sana'ar nan mutuwa wasu samari huɗu ne da suka kafa ƙungiya a 1971. Ita ce CAMRA, wadda tun 1973 sunanta ke nufin fafutukar kare giyar gaskiya. Ba masu dafawa ba ne, masu sha ne da suka gaji da abin da ake ba su. Suka fara rubuta sunayen gidajen da suka rage, suna fiddo littafi kowace shekara, suna shirya bukukuwa, suna zanga-zanga in za a rufe wani ƙaramin kamfani, har suna matsa ma ƴan majalisa. Baba ya fiddo katinshi na ƙungiya daga aljihu ya nuna mani, da irin fuskar da tsohon soja ke nuna lambar yabo. Gaskiya akwai ban dariya a ciki, dattawa masu gemu suna rubuta maki a ɗan littafi bayan kowace kurɓa. Amma ko rufin farantan da ke bisa kanmu yana cikin wani kundi da ƙungiyar ta yi na ɗakunan da bai kamata a taɓa ba.

Sai ya ce yanzu ni in ba shi labari, a ƙasarmu akwai irin wannan?

Na ce akwai, sunanta burkutu, kuma kakata ce gwanar yin ta a ƙauyenmu. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da baki a gaban wanda ba ɗan gidanmu ba. Danginmu Anna ne tun asali, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. A zamanin babana gidan ya rabu, wasu suka musulunta, babana ya bi mishan, Kaka ta tsaya inda take har tsufa. Na kwatanta mashi aikin yadda na gan shi ina yaro. Jar dawa ake jiƙawa, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. A shanya tsiron, a niƙa a dutse, a dama da ruwa cikin manyan tukwane. A bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasan, a sake haɗe su. Ya kwana ya yi tsami, washegari a sake ɗora wuta a yini ana dafawa, itace kamar na gidan biki. A tace, a bari ya huce, sannan a zuba ragowar gindin tsohuwar giya. Cikin dare za ka ji randa na magana ita kaɗai, tana ɓul-ɓul. Da safe ta tashi. Aikin kusan sati guda, shan kuwa na yini ɗaya ko biyu, don ba ta jira.

Baba ya buga tebur ya ce ai wannan ita ce giyar gaskiya, ta ma fi tasu, tunda tana tafasa a cikin ƙoƙon da kake sha. Ya kira tsohon nan abokin musunshi ya ce zo ka ji. Suka yi ta jero mani tambayoyi. Ruwan saman da ake ajiyewa fa, don me? Ashe shi ke ɗauke da sinadarin tsiron da ke maida gari sukari, in aka dafa shi tare sai ya mutu, shi ya sa ake raba su sai na ƙasan ya dahu. Su sun san sunan abin a littafi. Kaka ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma hannunta ya san in ba a yi haka ba giya ba ta zaƙi. Tsohon ya ce su ma a da mata ne ke dafa giya a Ingila, kowace a gidanta, in ta nuna sai ta kafa sanda mai ganye a ƙofa don masu wucewa su sani. Lokacin ba a sa hop, giyar kwana kaɗan take yi. Da hop ya shigo daga wajen Holan a ƙarni na 15, giya ta fara jure ajiya da tafiya, sai ta zama harkar masu jari, aka ture matan gefe sannu a hankali.

Daga nan ban ƙara jin daɗin zaman kamar da farko ba, ko da yake ba wanda ya yi mani komai. Ina kallon sunan wata mata da ta mutu tun 1984 a bakin kowa, har da hotonta a bango, ina tuna yadda ake yi da sunan Kaka a gidanmu. Da kuɗin burkutu ta biya ma babana kayan lakwal har ya zama malamin makaranta. Da su ta sayi awakin da aka saida shekarar da na ci jarrabawar shiga kwaleji aka kai ni birni. Kowa a dangi ya san haka, kuma ba mai faɗi. In baƙo ya tambayi sana'arta sai a ce tana ɗan taɓa saye da sayarwa. Baffannina musulmi sun yi ta roƙonta ta bari, fastocin su babana ma haka, a wannan magana dai masallaci da majami'a bakinsu ɗaya. A birni kuma iska ta riga ta juya, manya suna ba da labarin yadda aka far ma mashayu a Maraɗi a watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin FIMA. Ƙauye bai ga wuta ba, amma ya ji labari. Masu zuwa zauren Kaka suka koma shigowa ta bayan darni, daga baya suka ragu, ita ma ƙarfi ya ƙare. Ba ɗiya ko jika ɗaya da ta karɓi sana'ar.

Masu cewa ta bari suna da hujjarsu, kuma na gan ta da idona. Akwai ƙanen kakana da ya shanye rumbu biyu a shekara ɗaya, matarshi ta kwashe yara ta koma gidansu, ya mutu ba wanda ke gaishe shi. Akwai matan da suka sha duka daren kasuwa. A Ingila ma na ga nasu, daren Juma'a a tsakiyar Birmingam samari na amai a bakin titi, motar asibiti na jira a kwana. Wanda ya ce giya ba ta kashe gida bai zauna ƙauye ba. Sai dai abin da nake gani a ƙauyenmu yau, da randunan suka bushe maye bai tafi ba. Samarin da iyayensu ke shan ƙoƙo biyu a zaure gaban idon tsofaffi, bayan gayya ko ranar kasuwa, yanzu tramol suke haɗiya a bayan gari, da wani farin ruwa mai ƙona maƙogwaro da ake shigowa da shi cikin leda daga ƙetaren iyaka. Kaka in ta ga mutum ya fara ɗaga murya kife ƙoƙonshi take, ko da kuɗi a hannunshi, ta aika yaro ya raka shi gida. Mai saida ƙwaya ba ya kife ma kowa komai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura aka kaɗa ƙararrawa a kanta, alamar wanda ke son na ƙarshe ya zo. Mu mun riga mun sa riguna. Tsohon nan ya riƙe hannuna ya ce in na koma in rubuta yadda kakata ke yi, daki-daki, da yawan dawa da yawan ruwa, in aiko ma Baba, akwai wani yaro a garinsu mai ƙaramin wurin dafawa da zai so ya gwada. Na ce to. A cikin bas Baba ya yi barci, kanshi jingine da gilas.

Da na dawo gida, hutun farko na tafi ƙauye da littafi da biro. Randunan na nan a bayan ɗaki, biyu an kife, ɗaya ana zuba ma awaki dusa. Kaka na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, idonta ya rage gani amma kunnen garau.

Ta ce, "Wa nake ji kamar mijina? Ka tahi ƙasar annasara ka bar ni ba ko kuɗin cefane."

Na ce, "Ai ke ce kika ƙi bi na, tsohuwa. Ga turmin zane na kawo na biko."

Ta shafa zanen ta ce bai kai na kishiyarta ba, amma ta karɓa. Sai na ba ta labarin gidan Ma Pardoe, da famfon hannu, da ɗan ƙaramin kofin ɗanɗano. Nan ta tsaya da ɓarar gyaɗar. Ta ce su ma suna ba da ɗanɗano? Na ce suna ba da. Ta ce to masu mutunci ne. Ta tambayi nawa suke saida ƙoƙo, na lissafa mata ya kama wajen jika uku. Ta salati irin na maƙwabtanta musulmi, ta ce ita da ta saida randa guda a haka ai da ta yi gidan siminti.

Da na buɗe littafin na ce ta faɗa mani awon, sai ta yi shiru, ta juya kai wajen ƙofa ko baffana na kusa. Ta rage murya ta ce me zan yi da shi. Na ce rubutawa zan yi da sunanta a sama. Ta ce sunanta kam in bar shi, tana da jikoki mata da ba su yi aure ba. Amma awon ta ba ni. Tiya nawa na dawa, tulu nawa na ruwa, da yadda ake gane tsiro ya isa in ya kai tsawon gaɓar yatsa, da yadda ake sa gwiwar hannu a ji ko ruwan ya huce daidai zuba gindin tsohuwa. Na karanta mata abin da na rubuta, ta gyara mani wuri biyu. Na ce kwana uku tsiro ke yi, ta ce wannan da bazara ne, da ɗari sai biyar, kuma in gaya ma annasaran kada su kuskura su yi da farar dawa.